RUWAN DA JIRAGEN TEKU KE ƊAUKA DA YADDA AKE TSABTACE SHI

Darasinmu na wannan wata a kan jiragen ruwa ne, manya-manyan nan da ke ratsa teku. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Amma alkamar da ake yin burodi da ita, da babur ɗin da muke hawa, da injin ban-ruwa, mafi yawansu a jirgin ruwa suka iso ƙasar nan. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke sayar wa juna ta teku suke bi.

Ban da kaya, akwai wani abu da waɗannan jirage ke ɗauka a cikinsu. Wannan abu shi ne ruwa. Ba na sha ba ne, ba kuma na sayarwa ba. Ruwan teku ne ake zubawa cikin tankuna don jirgi ya daidaita. Ma'aikatan jirgi suna kiransa balas. Mu a nan za mu kira shi ruwan daidaito. Za mu ga amfaninsa, da ɓarnar da ya jawo, da dabarun da ake bi a yau don tsabtace shi.

ME YA SA JIRGI KE ƊAUKAR RUWA?

Ɗauki ƙwarya wadda ba komi a cikinta ka ɗora a kan ruwa. Za ka ga tana rawa, iska kaɗan sai ta juya ta. To, zuba mata ƙasa kaɗan a ciki. Nan da nan za ta zauna daram. Haka jirgin ruwa yake.

Idan jirgi ya sauke kayansa, sai ya yi sakayau, ya taso sama. Iska da igiyar ruwa su riƙa wasa da shi. Farfelar da ke tura shi takan fito waje, ta kasa cin ruwa sosai. Juya shi ma sai ya yi wuya. A cikin hadari yana iya kifewa. Saboda haka dole a ba shi nauyi a ƙasa.

A zamanin jiragen katako, duwatsu da yashi ake lodawa. Aiki ne mai cin lokaci da ƙarfi. Da aka soma ƙera jiragen ƙarfe masu injin, a ƙarshen ƙarni na 19, sai aka koma ga ruwa. Ruwa ba a saye. Famfo ne ke jawo shi, famfo ne ke fitar da shi.

Ga yadda abin ke tafiya. Jirgi ya kawo kaya wata tasha. Yana saukewa, yana jan ruwan wannan tashar cikin tankunansa. Ya tafi wata ƙasa ɗaukar sabon kaya. Yana lodi, yana zubar da wancan ruwa. Ke nan ruwan wata ƙasa ya zo ya zuba a wata ƙasa.

Ruwan kuma ba kaɗan ba ne. Babban jirgin dakon ɗanyen mai yana iya ɗaukar ruwan daidaito wajen tan 100,000. Tankar mai da muke gani a kan titi takan ɗauki lita 33,000. Sai an jera irinta wajen 3,000 kafin a kwashe ruwan jirgi guda.

BAƘIN DA BA A GAYYATA BA

Ruwan teku ba ruwa ne zalla ba. Cike yake da rai. Akwai ƙwan kifi, da 'ya'yan ƙaguwa, da na jatan lande, da gansakuka, da ƙwayoyin cuta. Da yawansu ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Famfon jirgi ba ya zaɓe. Duk abin da ya tarar, ciki yake kai shi.

A cikin tanki akwai duhu, ba abinci sosai. Mafi yawan halittun sukan mutu a hanya. Amma wasu suna da taurin rai. Sukan kai har inda za a zubar da su.

A garinsu na asali, kowace halitta tana da mai cinta. Tana da cututtukan da ke rage ta. Shi ya sa ba ta yin yawan da zai dami kowa. Amma idan ta sauka inda ba mai cinta, ga abinci, ga yanayin da ya dace da ita, sai ta yi ta haihuwa ba iyaka. Ta cinye abincin 'yan gida, ta ƙwace musu wuri. Manomi ya san wannan. Ciyawa guda da aka bari ta yi 'ya'ya, baɗi ita ce za ta cika gona.

MISALAI UKU NA ƁARNA

Na farko shi ne wata 'yar ƙumba ta ruwa mai ɓawo biyu. Girmanta bai fi farcen babban yatsa ba. Jikinta yana da zane irin na jakin dawa. Asalinta daga yankin Bahar Aswad da Tekun Kasfiyan ne. A 1988 aka gan ta a wani tafki da ke tsakanin Amurka da Kanada, kusa da birnin Ditiroit. Ruwan daidaito ne ya kai ta. Mace guda tana iya zuba ƙwai har miliyan ɗaya a shekara. Cikin 'yan shekaru ta bazu a Manyan Tafkunan nan biyar, ta shiga koguna. Halinta shi ne ta manne a jikin duk abu mai tauri, wata a kan wata, har su toshe bututu. A watan Disamba na 1989, ita da ƙanƙara suka toshe bututun da ke jawo wa garin Monro ruwa a jihar Mishigan. Mutanen garin suka yi fiye da kwana biyu famfo ba ya kawo ruwa. Har yau gidajen ruwa da na wutar lantarki a can suna kashe kuɗi masu yawa kowace shekara wajen kankare ta.

Na biyu wata halitta ce mai yauƙi, jikinta garai-garai kamar ruwa, ba ƙashi ba ɓawo. Asalinta daga gaɓar Tekun Atilantika ne ta wajen Amurka. A farkon shekarun 1980 ta bayyana a Bahar Aswad, tekun da ƙasashen Turkiyya, Rasha, Yukiren, Romaniya, Bulgeriya da Jojiya suka kewaye. Abincinta shi ne ƙananan halittun da kifi ke ci, da ƙwan kifin, da 'ya'yansa. Kafin 1990 ta cika tekun. Akwai wani ƙaramin kifi da Turkawa ke kira hamsi, wanda masunta da yawa suka dogara da shi. Dama an matsa masa da kamu, ga kuma ƙazantar ruwa. Da wannan baƙuwa ta zo, sai kamun ya faɗi warwas. Masunta suka rasa sana'a. A 1999 kuma aka gan ta a Tekun Kasfiyan.

Na uku ya shafi lafiyar ɗan Adam. A 1991 annobar kwalara, wato amai da gudawa, ta ɓarke a ƙasar Peru, ta bazu a ƙasashen Kudancin Amurka. A 1991 da 1992 masana suka gwada ruwan wasu jirage da suka fito daga wannan yanki suka tsaya a tashoshin kudancin ƙasar Amurka. Sai ga ƙwayar kwalara da ranta a cikin ruwan daidaitonsu.

Abin lura a nan shi ne, baƙuwar halitta idan ta kafu a teku, fitar da ita ya yi wuya ƙwarai. Ba a yi wa teku feshi. Ba a yi masa noma. Shi ya sa aka ce rigakafi ya fi magani.

DOKAR DUNIYA

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da hukumar da ke kula da sufurin jiragen ruwa. Ana kiranta IMO, hedkwatarta tana birnin Landan. Ranar 13 ga Fabrairu, 2004, ƙasashe suka amince da wata yarjejeniya a kan ruwan daidaito. Amma an yi sharaɗi. Ba za ta soma aiki ba sai ƙasashe 30 sun sa hannu, kuma jiragensu sun kai kashi 35 cikin 100 na nauyin jiragen kasuwancin duniya. Wannan bai cika ba sai a 2016, lokacin da ƙasar Finlan ta shiga. Dokar ta soma aiki ranar 8 ga Satumba, 2017.

An ba tsofaffin jirage lokaci su shirya. Wa'adin ya cika ranar 8 ga Satumba, 2024. Tun daga wannan rana, kowane jirgi da dokar ta shafa dole ruwan da zai zubar ya cika ma'aunin tsabta. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar. Amurka ba ta shiga ba, amma tana da nata dokokin masu tsanani.

DABARAR FARKO: CANJA RUWA A TSAKIYAR TEKU

Kafin a sami na'urori, dabarar da aka soma bi ita ce canjin ruwa. Jirgi zai yi nisa da gaɓa, kimanin kilomita 370, wato fiye da nisan Kano zuwa Kaduna. Zurfin wurin kuma ya kai mita 200. A nan zai zubar da ruwan da ya ɗebo daga tasha, ya ɗebi na tsakiyar teku. Doka ta ce a canja aƙalla kashi 95 cikin 100 na ruwan.

Hikimar ita ce, halittun bakin gaɓa ba su jure zaman tsakiyar teku. Na tsakiyar teku kuma ba su da yawa, kuma ba su cika rayuwa a bakin gaɓa ba.

Amma dabarar tana da matsala biyu. Ta farko, ba ta fitar da komi da komi. Wasu halittu sukan maƙale a lungunan tanki da cikin laka. Ta biyu, tana da haɗari. Jirgin da ke zubar da nauyinsa a tsakiyar teku yana iya karkacewa. A watan Yuli na 2006, wani jirgi mai suna Cougar Ace ya taso daga Japan da sababbin motoci fiye da 4,000. Yana cikin canjin ruwa a arewacin Tekun Fasifik, sai ya kwanta a gefe guda. An ceto ma'aikatansa 23, jirgin ma bai nutse ba, amma dubban motocin nan sai farfasa su aka yi. Saboda irin wannan aka mai da canjin ruwa dabarar wucin gadi, aka koma ga na'urorin da ke tsabtace ruwan a cikin jirgi.

MATAKI NA ƊAYA: TACEWA

Manya a cikinmu suna tuna zamanin kurkunu. Ma'aikatan lafiya sun raba ƙyallen tace ruwa ƙauye-ƙauye. Ƙyallen yana tare wani ɗan ƙwaron ruwa wanda ke ɗauke da tsutsar kurkunu. Da wannan tacewa, da samar da ruwa mai kyau, aka kori cutar. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa babu kurkunu a Nijeriya.

To, jiragen ruwa ma da tacewa akasarinsu ke farawa. Ruwan da famfo ya jawo yakan bi ta cikin wata rariya ta ƙarfe. Idanunta ƙanana ne ƙwarai, kimanin kaurin silin gashi. Duk abin da ya fi haka girma ba ya wucewa.

Rariyar takan toshe da sauri, saboda haka an yi ta tana wanke kanta. Idan datti ya taru, sai na'ura ta turo ruwa ta baya ya wanke shi. Dattin nan a take ake mayar da shi cikin ruwan tashar da aka ɗebo shi. Ke nan kowa ya tsaya a gidansu.

Amma tacewa kaɗai ba ta isa ba. Ƙwayoyin cuta da ƙananan gansakuka sun fi idon rariya ƙanƙanta. Dole a yi musu mataki na biyu. Hanyoyi biyu ne suka fi yawa.

MATAKI NA BIYU: KISA DA HASKE

A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, amma yana da ƙarfin ƙuna. An ƙera fitilun lantarki masu ba da irin wannan haske mai ƙarfi. Ana jera su cikin wani babban bututu, kowace a cikin kwalbar gilashi. Ruwan da aka tace sai ya bi ta tsakaninsu.

Hasken yakan shiga jikin halittar ya lalata ƙwayar da ke sa ta hayayyafa. Wata ta mutu, wata ta kasa haihuwa. Kamar iri ne da aka soya, ko an shuka ba ya tsirowa. Akan haska ruwan sau biyu, lokacin shigarsa da lokacin fitarsa.

Kyawun wannan hanya shi ne ba a zuba wani magani a ruwa. Rauninta kuma shi ne ruwa mai laka. Idan ruwa ya gurɓace, haske ba ya ratsa shi sosai. A irin wannan tasha sai a rage gudun famfo, aiki ya yi jinkiri.

KO KUMA KISA DA KULORIN

Wanda ya taɓa shan ruwan famfo a birni ya san wani ɗan wari da yake yi. Warin kulorin ne, maganin da gidan ruwa ke sawa don kashe ƙwayoyin cuta. Jirage da yawa, musamman manyan masu dakon mai da ma'adinai, da shi suke aiki.

Abin sha'awa shi ne, ba sai jirgi ya sayi maganin ba. Ruwan teku yana da gishiri. Idan aka tura wutar lantarki ta cikin ruwan gishiri, sai kulorin ya fito. Na'urar tana yin haka a cikin jirgi, maganin ya gauraya da ruwan tanki ya kashe abin da ke ciki.

Wannan hanya tana bukatar kula ta fuska uku. Na ɗaya, kulorin guba ne ga kifi. Kafin a zubar da ruwan dole a auna, in da saura a sa wani sinadari da ke karya ƙarfinsa. Na biyu, wajen haɗa shi wata iska mai kamawa da wuta takan fito, sai an fitar da ita waje a hankali. Na uku, a tashar da ke bakin kogi ruwa ba shi da gishiri sosai. Jirgin da zai je irin wannan wuri yakan tafi da ruwan gishirinsa a wani tanki dabam.

Akwai wasu hanyoyin da ba su kai waɗannan yawa ba. Wasu jirage suna cire iskar shaƙa daga ruwan. Kamar yadda ƙwaron wake ke mutuwa a cikin buhun da aka ɗaure iska ba ta shiga, haka halittun ke mutuwa bayan 'yan kwanaki. Wasu kuma suna dumama ruwan.

Sai maganar laka. Duk tankin da ruwa ke shiga yana fita, laka takan kwanta a gindinsa. Wasu halittu sukan kwanta a cikinta wata da watanni, su farfaɗo in sun sami dama. Saboda haka doka ta ce a riƙa kwashe lakar, a zubar da ita inda ba za ta koma ruwa ba.

YAYA AKE SANIN RUWAN YA TSABTATA?

Doka ta sa ma'auni. A cikin lita 1,000, wato ganga biyar, halittu masu rai da suka kai kaurin silin gashi kada su kai 10. Waɗanda ba su kai haka girma ba, kada su kai 10 a cikin mililita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi. Ƙwayar kwalara kuwa, a cikin mililita 100 kada a sami ko ɗaya mai rai.

Kowane jirgi dole ya riƙe abu uku: tsarin yadda yake sarrafa ruwansa, da takardar shaida, da littafin da ake rubuta komi a ciki. A littafin ake rubuta ranar da aka ɗebi ruwa, da wurin, da yawansa, da yadda aka tsabtace shi, da inda aka zubar. Jami'an tasha suna da ikon hawa jirgi su duba littafin, su ɗebi ruwan a gwada. Jirgin da ya saɓa ana iya hana shi zubar da ruwa, ko a ci shi tara, ko a tsare shi. A Nijeriya hukumar NIMASA ce ke da wannan aiki.

Na'ura ba ta aiki ita kaɗai. Fitila takan mutu, rariya takan yage. Idan ma'aikaci bai iya ba, ko ya yi sakaci, ruwan zai fita da dattinsa. Shi ya sa horar da ma'aikata da yawan dubawa suke da muhimmanci kamar na'urar kanta.

INA RUWANMU DA WANNAN?

Da ruwanmu. Nijeriya tana sayar da ɗanyen mai. Jiragen da ke zuwa ɗaukarsa a wurare irin su Boni da Forkados ba kaya suke zuwa da shi ba, ruwan daidaito ne fal cikinsu. A ruwanmu suke zubar da shi. Masuntan gaɓar teku da wannan ruwa suka dogara. In kifi ya yi ƙaranci a can, tsadarsa har kasuwanninmu za ta iso.

Akwai kuma darasi ga masunta da masu noman rani. Mutanen Haɗejiya da Nguru sun ga yadda ciyawar kachala ta toshe magudanan ruwa, ta ci gonaki da wuraren su. Ba jirgin teku ne ya kawo ta ba, amma ta nuna mana abin da tsiro guda ke yi idan ya sami sarari. Kwalekwale da koma da taru suna iya ɗaukar iri da ƙwai daga wannan ruwa zuwa wancan. Saboda haka:

1. Kafin ka kai kwalekwale wani tafki ko dam, kwashe ruwan cikinsa a inda ka ɗebo shi.
2. Cire ciyawa da lakar da suka maƙale a jikinsa da jikin koma.
3. Shanya kayan aikinka a rana su bushe sarai.
4. Kada ka zuba baƙon kifi ko baƙuwar ciyawa a ruwan jama'a sai ka nemi shawarar malamin gona ko jami'in kula da kifi.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa jirgi ke ɗaukar ruwa bayan ya sauke kaya?
2. Me ya sa baƙuwar halitta ke yin yawa a sabon wuri?
3. A wace shekara dokar ruwan daidaito ta soma aiki?
4. Faɗi matsala biyu da ke tattare da canja ruwa a tsakiyar teku.
5. Me ya sa haske ba ya aiki sosai a ruwa mai laka?
6. Me ake yi wa ruwan da aka sa wa kulorin kafin a zubar da shi?
7. Lissafi: ganga ɗaya tana cin lita 200. Ganga nawa za a cika da tanka mai lita 33,000?
8. Ku tattauna a tsakaninku: akwai wata ciyawa ko wani kifi a yankinku da iyayenku ba su san shi ba a da? Ta yaya ya zo?